Taki Ce, Yaya

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Na dawo daga lise, makarantarmu ta sakandare, na tarar da Tanti a gida. Bai kamata ta kasance a gida ba, aikin yini take yi wannan makon. Tana zaune a bakin gado da rigar sanyinta a jiki, ko cirewa ba ta yi ba. Fararen takalman aikinta suna cikin leda a ƙasa. Takalman nan ba sa zuwa gida, a kabad ɗinta na kiliniki suke kwana.

Na gaishe ta. Ta ce, "A ɗora ruwan shayi."

Na ɗora. Ba ta sha ba.

Talata, da safe kafin in fita

Ba ta je aiki ba. Ta goge kayan aikinta duka ta ninke.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan magariba

Yau ta sa atamfarta mai kyau ta tafi wani zama da shugabannin kiliniki. Da ta dawo muna cin abinci, ta dubi bango ta ce, "An yanke kwantarar aikina. Ƙarshen wata za a bar ɗakin nan."

Ɗakin na kiliniki ne. Na sani tun ran da muka shigo, amma na manta da gangan.

Ban tambayi abin da ya faru ba. Na ji ta a waya da wata abokiyar aikinta, tana ta cewa da Faransanci, "Na rubuta, na faɗa musu, ni kaɗai ce ke aiki a hawan benen nan." Sai ta ga ina kusa, ta shiga banɗaki ta kunna famfo.

Tanti ma'aikaciyar jinya ce ta anterim, wato ta wucin gadi. Ajans ɗinsu, kamfanin da ke samo musu aiki, ke tura ta duk inda ma'aikata suka yi ƙaranci, wata uku nan, wata shida can. Tun da Kaka ta rasu aka kawo ni daga Damagaram, mun zauna Montreuil, mun zauna Le Mans, yanzu Lyon. Wannan karon an ce sai watan Yuni, sai na rubuta jarrabawar bak ta Faransanci. Shi ya sa na yarda na liƙa hotuna a bango. Shi ya sa na yarda na yi ƙawa.

Nour, ƙawar tawa, har yau ba ta gane yadda Tanti take mahaifiyata ba. Na yi mata bayani: ni 'yar fari ce, Kaka ta ɗauke ni tun yaye, na tashi ina jin yaran gida suna ce mata Tanti, ni ma na bi. Ita kuma ba ta faɗin sunana, ba ta wasa da ni, kunya ce. "A zo a ci." "A kashe wuta." "A sa hula, akwai sanyi." Nour ta ce, "Ku biyu ne fa a ɗakin. Da wa take magana?" Na yi dariya a lokacin.

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

Mun je unguwar Guillotière sayen gero da busasshiyar kuɓewa. Tanti ta ɗauki babban buhun shinkafa, ta tsaya, ta mayar, ta ɗauki ƙarami.

Da muka dawo Hajiya Raihana ta kira daga Clichy-sous-Bois, can gefen Paris. Yayar Tanti ce, ita ta kawo ta Faransa, a gidanta Tanti ta zauna duk shekarun da ta sake karatun jinya. Hannun Tanti duk ƙullu, sai ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan tebur. Ina wanke kwanuka.

Bayan gaisuwa Hajiya ta ce, "To yanzu ina kuma za su jefa ki?"

"Ban sani ba tukuna, Yaya. Suna dubawa."

"Ke dai kin zama makiyayiya, sai dai ba shanu. Yarinyar fa? Haka za ki yi ta janta gari gari kamar akwati? Budurwa ce fa yanzu. In suka ba ki aikin dare, wa ke tare da ita? Balkisa, ba ni Hamdiya. Ga 'yata Najla, ga lise a bayan gida. Ta zauna wuri ɗaya ta gama karatunta."

Na rage ƙarfin famfo.

Tanti ba ta ko ja numfashi ba. Ta ce, "Ai taki ce, Yaya. Har sai kin tambaya?"

Suka ci gaba da hirar wani biki da za a yi a Montreuil.

Lahadi, da azahar

Ko jinkirin ƙiftawar ido Tanti ba ta yi ba jiya.

Talata, 15 ga Oktoba, a ɗakin karatu na lise

Ban faɗa wa Nour ba. Tana ta tsara mana yadda za mu raba littattafan bak, ita ta karanta rabi ni rabi, kowa ya ba ɗan'uwansa labari. Na ce to.

Hajiya ba muguwa ba ce. Ina so in rubuta wannan don kada in yi mata rashin adalci. Duk sallah ita ke aiko mini da ɗinki. Gidanta akwai mutane, akwai dariya, akwai tuwo mai zafi kullum. Kuma abin da ta faɗa gaskiya ne. A Le Mans na yi watanni ina cin abinci ni kaɗai, ina barin rediyo a kunne don in ji muryar mutum.

To me ya sa ba na so?

A Le Mans ɗin, da asuba in Tanti ta dawo, takan tsaya a kaina ta gyara mini bargo. Tana zaton barci nake. Ban taɓa motsawa ba, don in na motsa za ta daina.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Malamin lissafi bai zo ba, na dawo da wuri. Tanti na kan waya da matar ajans, ta juya wa ƙofa baya, ba ta ji shigowata ba.

Matar ta kawo mata wani aiki a gidan tsofaffi, a wani ƙauye cikin duwatsu. Na ji Tanti tana tambaya, "Akwai lise a garin?" Ta saurara. "Bas nawa ke zuwa a yini?" Ta sake saurara. Sai ta ce, "A'a, madam, wannan ba zai yi mini ba. Ki sake dubawa. Kuma ɗakin ya zama na mutum biyu."

Da ta juyo ta gan ni sai ta ce, "Ana shigowa ba sallama yanzu?"

Na yi sallama. Ita ce ba ta ji ba.

Ban gane ba. Ta riga ta ba Hajiya ni ranar Asabar. Me za ta yi da lise?

Wataƙila mantawa ta yi. Kwanan nan tana mantuwa, jiya ta sa gishiri sau biyu a miya.

Juma'a, da yamma

An ba da hutu. Nour ta rungume ni a tashar jirgin taram ta ce, "Sai an dawo, ma belle, kyakkyawata." Na ce sai an dawo.

Litinin, 21 ga Oktoba, da hantsi

Muna haɗa kaya. Akwati biyu a buɗe a kan gado, nata da nawa. Na cire hotuna daga bango, fenti ya biyo ɗaya, na shafa man goge baki a wurin.

Na ga ta ninke shuɗiyar rigar sanyina ta sa a akwatinta. Can ta lura, ta ciro, ta sa a nawa. Da na dawo daga zubar da shara, rigar tana nata kuma.

Jibi za mu Paris "a gaida Hajiya, a kai kaya." Kayan wa, ba ta faɗa ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, Clichy-sous-Bois, bayan isha'i

Asansar, na'urar hawa bene, ta lalace, mun hau da akwatina a kan matakala, ni gaba Tanti baya. Hajiya ta tarbe mu tun daga ƙofa.

"Ga 'yata, ga 'yata. Dubi yadda kika bushe. Balkisa, allura kike ba ta maimakon abinci?"

Ta ja ni ɗakin Najla. Ta sayi sabon gado, ta sa zanen gado mai furanni, har da ƙaramin tebur na karatu a jikin taga. Ta ce ita da kanta ta haɗa teburin, ƙusa ɗaya ta rage, ba ta san ta ina ba ce, kada in jingina da ƙarfi.

Na ce na gode. Na ce ya yi kyau. Ya yi kyau ɗin.

Najla, autarta, ta girme ni da shekara ɗaya, a nan aka haife ta. Ta dube ni daga kan gadonta ta ce, "Kina minshari? In kina yi faɗa mini tun yanzu."

Tanti a falo za ta kwana. Daga nan ina jin tarinta.

Alhamis, bayan la'asar

Mun je unguwar Barbès. Hajiya ta ce sai an saya mini babbar rigar sanyi. Muna ƙarƙashin gadar metiro, jirgi na wucewa a sama, mutane na turo mu, ita kuwa tana ba da labari da ƙarfi.

"Kin san uwarki kuwa? Ranar da aka yaye ki, Kaka ta zo ɗaukarki. Kina ihu kina miƙa hannu. Balkisa ta miƙa ki, ta juya ta ci gaba da tankaɗen garinta. Ko waiwaye. Matan unguwa suka yi ta yabo, suka ce wannan ta san kunya. Ba irin na yanzu ba, masu sumbatar 'ya'ya a titi kamar Turawa."

Tanti na duba ɗinkin wata riga, kamar ba da ita ake ba.

"Sai kuma zazzaɓi ya kwantar da ita," in ji Hajiya. "Mako guda ba ta ci ba ta sha. Aka ce sauro ne. Da rani fa. Ina sauro ya fito da rani?" Ta yi dariya, ta juya wurin mai shago tana taya riga.

Tanti ta ce, "A gwada wannan." Ta ɗora mini rigar, ta ja zif har wuya, ta gyara kafaɗa, ta sake gyarawa. Mai shago ya ce ta yi daidai. Ta sake gyarawa.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da hantsi

An aike mu sayen burodi ni da Najla. A kan matakala ta ce, "Franchement, tsakaninki da Allah, kina son zuwa nan?"

Na ce an riga an yanke.

"Ba shi na tambaye ki ba."

Na ci gaba da sauka. Ta zauna a kan matakala, ta ce in zauna.

"Bari in gaya miki yadda suke. Maman, uwata ke nan, ta tambaya don tana ganin taimako ne. Taki uwar ta ce eh don ba ta da wata amsa. Yayarta ce, ita ta riƙe ta, kuma ke 'yar fari ce. In ta ce a'a, me ta ce ke nan? Ta ce tana son 'yarta. A gaban mutane. Gara ta mutu."

Na ce to ai shi ke nan.

"Shi ke nan a wurinsu. Ke fa? Ni bara aka ce in tafi Niamey hutu wurin Gwaggo. Na ce ban zuwa. Aka zage ni, aka kira Niamey aka ce yarinyar ta lalace, Faransa ta cinye ta. Kowa ya ji tausayin Maman. Ni kuma na yi hutuna a nan." Ta ɗaga kafaɗa. "Su ba sa iya cewa a'a. Amma marar kunya tana iyawa. Sai dai ki sani, sunan ba ya goguwa. Ni har yau a biki ana nuna ni da baki."

Na ce ni ban taɓa yi wa babba musu ba.

"Na sani. Kullum da ke ake mini misali. Hamdiya kaza, Hamdiya kaza. Wallahi da kin ɓata ko sau ɗaya da na huta."

Asabar, bayan azahar

In na yi kuskure fa? In da gaske ta gaji da jana, lise ɗin nan da ta tambaya mantuwa ce kawai?

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan isha'i

Zan rubuta yadda ya faru.

Bayan abincin rana muna falo. Hajiya, Tanti, Najla, da wasu mata biyu maƙwabta da suka zo ganina. Gobe Tanti za ta koma Lyon ta miƙa makulli. Hajiya tana faɗa wa matan cewa bayan hutu za ta kai ni a rubuta ni a lise ɗin Najla.

Na ce, "Hajiya, ba zan zauna ba."

Muryata ba ta fita sosai ba. Ta ce, "Na'am, 'yata?"

Na ɗaga kai na dube ta cikin ido. Ban taɓa yi ba. Na ce, "Ba zan zauna a nan ba. Ba na so."

Ɗaya daga cikin matan ta ajiye kofinta.

Hajiya ta ce, "Wani ya yi miki wani abu? Najla ce?"

"Ba wanda ya yi mini komai."

"To mene ne? Gadon ne bai yi miki ba?"

Nan na kusa fasawa. Na tuna teburin da ta haɗa da hannunta. Amma na san in na sassauta, za a lallashe ni, a yi dariya, maganar ta wuce. Sai na faɗa da Faransanci, da irin muryar Najla, na ce ba wanda ya tambaye ni, ni ba kaya ba ce, kuma in aka bar ni a nan zan hau jirgi in bi ta.

Tanti ta miƙe. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "Ke." Kai tsaye, ni. "Ke, wa kike yi wa magana? Yayata? Wadda ta ciyar da ni ta tufatar da ni? A gaban baƙi?" Ta yi ta faɗa. Ta ce Kaka ta sangarta ni, ta ce lakwal, bokon nan, ta buɗe mini ido, ta ce ta ji kunyar haihuwata. Wannan ta ƙarshen ta shige ni. Na yi kuka, ba na wasa ba.

Sai ta juya wurin Hajiya, ta rage murya.

"Yaya, kin gani da idonki. Abin da nake fama da shi ke nan, na ɓoye miki. Ba zan ɗora miki wannan ba, ga hawan jininki. In na bar ta nan sai ta ƙara ɓata miki Najla. Ki bar ni in tafi da ita in gyara ta tukuna."

Najla ta ce, "Ni kuma me na yi?" Ba wanda ya kula ta.

Hajiya ba ta dube ni ba. Ta dubi ƙanwarta, ta daɗe tana dubanta. Tanti ta sunkuyar da kai tana tattara kofuna, har da waɗanda ba a gama sha ba.

Can Hajiya ta ce, "To, Balkisa. Je ki gyara ta."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta fito cin abincin dare ba. Matan sun tafi ba su yi mini sallama ba. Kafin Juma'a duk 'yan Nijar na Montreuil da Clichy za su ji.

Litinin, cikin jirgin Lyon, da hantsi

Mun sauko da akwatina a matakalar da muka hau da shi. Hajiya ta sa Najla ta biyo mu da sabuwar rigar sanyin, na baro ta a kan gado don na ji kunyar ɗauka.

Tanti ba ta ce mini komai ba tun jiya. Ko "a zauna", ko "a ci". Tana kallon taga. Gonaki, gonaki, shanu farare.

Talata, da la'asar

Har yanzu shiru. Ta dafa shinkafa ta ajiye tawa a rufe.

Laraba, da azahar

Na aika wa Nour saƙo na faɗa mata ba zan dawo ba. Ta kira sau da yawa. Ban iya ɗauka ba. Na rubuta mata cewa ta karanta littattafan duka, kada ta dogara da rabi.

Ina ta tunanin maganar nan, ta ji kunyar haihuwata. Don baƙi ta faɗa, ko kuwa tana wurin tun da daɗewa?

Alhamis, 31 ga Oktoba, kafin azahar

Ɗaki ya koma yadda muka same shi. Ina zaune a kan akwati. Mai gadin gini zai zo karɓar makulli, daga nan sai tashar jirgi ta Part-Dieu. Ajans ta samo aiki a wani asibiti a garin Roanne, wata huɗu, wani lokaci da dare. Ban san kowa a can ba. Na duba a waya, akwai kogi, akwai lise.

Ɗazu tana goge tagar da ta riga ta goge, na tattara duk ƙarfina na ce, "Tanti, kin yi fushi da ni?"

Ba ta juyo ba. Ta ce, "An yi rashin kunya. Babba kuwa."

Na ce na sani.

Ta ciro wayarta daga aljihu ta ajiye a kan akwati kusa da ni.

"A kira Hajiya a ba ta haƙuri. A durƙusa ko ba ta gani. In ta yi faɗa a yi shiru, in ta yi kuka a saurara."

Na ɗauki wayar. Na nemo sunan, na kusa dannawa, sai ta daina goge tagar.

"Haƙuri kawai," in ji ta. "Kada a ce mata an canja shawara."